Jakar Malam Gambo

Tun da aka fara shuka fata a masana'anta, majemun Kano suka rufe, kowa ya koma sayen sabuwar, wadda ba ta tsagewa, ba ta wari. Ranar Laraba Kubura ta shiga kasuwa neman jakar da za ta kai wa ƙanwarta da ta haihu.

Mai shagon, Malam Gambo, ya sauko mata da wata ruwan ƙasa mai laushi. "Hajiya, taɓa ki ji. Masu bincike sun auna fatar mutum dubu kafin su dace da wannan irin."

Ta shafa. Kusa da maratayin akwai tawadar Allah mai siffar lauje, sak wadda ke damtsen mahaifinta. Shekara shida ke nan da masu binciken suka yanki ɗan kaɗan a wajen, suka ce awo kawai za su yi. Bara aka binne shi.

Ta nuna masa wajen. "Malam, wannan tabon fa?"

"Ai duk haka suke fitowa, da shi ake gane ta ainihi." Ya nuna mata bango, jakunkuna rataye sun fi ɗari.

Kubura ta fita ta tsuguna bakin kwata tana amai, tana goge tafin hannunta da ƙasa.