Wasiƙar da Gara Ta Ci Rabinta

"Idan ɗalibai goma ba su zaɓi Tarihi yau ba, zan soke darasin," in ji shugabar makaranta.

Malamar Tarihi ta shiga aji ta tarar ana gasar hamma. Ta rufe littafi, ta zaro wata tsohuwar wasiƙa da ta tsinta a bayan kabad ɗin laburare.

"Masoyiyata mai wushirya," ta karanta, "gobe jirgin ƙasa zai kwashe mu zuwa fagen yaƙi. Idan na dawo..."

Ta ninke wasiƙar.

"Idan ya dawo me, Malama?"

"Gara ta cinye sauran."

"Haba! Wane yaƙi ne? Yaushe?"

"Ku duba littafinku, shafi na arba'in."

Nan take buɗe littattafai ya kaure kamar saukar ruwan sama. Sarkin barcin ajin har da fizge na maƙwabciyarsa. Suka gano yaƙin da shekararsa, amma littafi bai san labarin saurayin ba.

Sai wata tsohuwa mai sharar makarantar ta jingine tsintsiyarta a bakin ƙofa.

"'Idan na dawo, ba zan ƙara nisa da ƙofarki ba.' Haka ya rubuta. Ina ɗaliba na ɓoye ta, na manta wurin."

"Kaka, ya dawo?"

Ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana.

"Ja'irai, wa yake buɗe muku ƙofar makaranta kullum?"

Malama ba ta gama ƙirga hannayen da aka ɗaga don zaɓen Tarihi ba, rabin ajin ya ruga wajen maigadi.