Tsohon da Ya Ƙi Gaisuwa

"Kashe babur ɗin nan!" Kofur Wari ya daka tsawa, ya tofar da jan yawun buai, goron da suke taunawa, a gaban taya.

Melkias ya kashe. Tun daga Jayapura yake gudu da mahaifinsa a baya, zani ɗaya ya ɗaure su. Ƙauyensu Wutung yana nan bayan shingen iyaka.

"Kun raina mu. Kai tsoho, bakinka ciwo yake? Ba ka iya gaisuwa ba?"

"Yallaɓai, ba shi da lafiya."

"Da kai nake? Me kuka ɓoye a rigarsa?"

Kofur ya doki hular kwanon tsohon, ya ɗage gilashin da ƙarfi. Sai ya ga auduga a hanci, haɓa ɗaure da ƙyalle.

Melkias ya ce, "Da safe ya cika a asibiti. In aka sani, riƙe shi za a yi. A gida ya roƙa in binne shi."

Kofur ya daɗe yana kallon fuskar. Ya sauke gilashin a hankali, ya juya wajen abokan aikinsa.

"Tsohon banza, ya sha ya bugu! Ku buɗe musu, su ɓace min da gani!"