Ranar Duba Gida

Ta tsaya turus a bakin ƙofa. Gidansu ne dai, na ƙarshe a ƙauyen nan na tsibirin Jawa. To, kujerun kushin daga ina? Ga labule, ga firiji fari sol!

A bayanta kuwa ma'aikacin jami'a ne, ya biyo ta ya ga talaucinsu da idonsa kafin a ba ta tallafin karatu.

Uwarta ta fito da shayi da soyayyen tempe, wato wainar waken soya, ta yi mata raɗa: "Haba 'yar nan, babban baƙo a kan tabarma? Ai maƙwabta sun rufa mana asiri da aron kayansu."

Kanta ya ɗaure. In ta yi magana ta kunyata uwa, in ta yi shiru karatu ya tafi.

Mutumin ya ɗauki hoton kujerun, ya leƙa bayan firijin. Ya ɗago igiyar wutar, ya bi bangon gora da kallo. Gidan ko lantarki babu.

Ya ajiye igiyar, ya juyo ya dube ta.

"Lokacin da na nemi irin wannan tallafi, uwata ma talabijin ta aro," in ji shi. "Sai dai wanda ya zo namu gidan bai leƙa baya ba, tallafin ya wuce ni."