Likita ta Shida

Saƙon izinin zaman dindindin ya shigo wayata ina cikin auna jinin wani tsoho mai kiwon tumaki. Shekara uku na yi ina jiran sa a wannan ƙauye na yammacin Ostireliya, inda aka ce sai baƙuwar likita ta zauna kafin ta samu. Ba mai shigo mini, ba gidan da nake shiga.

Ya ga na tsaya ina duban wayar.

"Takardar ta fito ke nan, likita?"

Na ce ta fito.

"To, sai birni. Ke ce ta shida da ta yi mana haka."

Gaskiyarsa, don tuni na ɗaure kayana.

Ya gyara hannun rigarsa, ya ce, "Kin ɗauka ƙin ki muke yi, ko? Sau nawa matata ta kawo miki abinci har ƙofa ta juya. Ta gaji da sabo da masu tafiya, 'yata."

Ranar da na tashi, motarmu ta bi ta gonarsu. Tsohuwar na tsaye jikin shinge tana kallo. Ba ta ɗaga hannu ba, ni ma na kasa.