Siririn Littafi

Kwada tana kallon Malam Hamajoda, malamin makarantar unguwarsu, yana ta jibga littattafai a teburin shagonta na littattafai da ke bayan kasuwar Marwa. Gobe zai tafi hutu kwarin Rumsiki.

"Malam, hutu za ka ko ƙaura?" ta tambaya tana dariya.

Shi bai yi dariya ba. Ya shafa bangon wani littafi, ya kasa ɗaga ido.

"Na gaji da karatu ni kaɗai, Kwada. Ina so in turo manyana."

Ta daɗe tana jiran maganar nan, tana kuma tsoronta, don tun rasuwar mijinta ɗanta ya rantse babu mai zama a kujerar ubansa.

"Zuciyar yaron nan ba ta warke ba tukuna," ta ce a hankali.

"Zan jira."

Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Sai ta shiga mayar da littattafan mazauninsu, ta bar masa mafi siranta.

"Wannan kaɗai?"

"Shi kaɗai, Malam. In na ba ka masu kauri, yaushe za ka dawo?"