Mai Hoton da Ya Goge Tsagar Kabawa

Tunda ka ce tashi za ka yi da sana'arka zuwa garin da ba a san ka ba, gyara zama ka ji misalin wani mai ɗaukar hoto. A Kaduna ya koyi aiki, kuma wallahi ya iya. In ya ɗauke ka ya zauna gaban kwamfuta, sai ya share ƙuraje, ya goge tabo, ya miƙe tamoji, ka fito sumul kamar ƙwai, har kai ma ka yi shakkar kanka. Da masu hoto suka yi wa garin yawa, sai ya ɗauki kyamararsa ya nufi Birnin Kabi. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu a gidan surukai, ya yi alkawarin in shago ya kafu zai dawo ya kwashe su. Ka san zaman gidan surukai, ba ya son daɗewa.

Da farko mutane sun zo. Dattawa suka riƙa zama gaban labulensa da manyan riguna, kumatunsu cike da tsaga, layi bayan layi, wadda wanzami ya yi musu tun suna cikin zanen goyo. Shi kuwa gogan naka, ganinsa wannan duk tabo ne, sai ya bi ya share musu tas, yana jin ya yi abin kirki. Su kuma mutane ne masu kawaici, ba sa kunyata baƙo. Sai mutum ya karɓi hotonsa, ya dube shi jim, ya ce madalla, ya soka a aljihu, daga nan ko hanyar shagon ba ya sake bi. Kan ka ce kwabo ƙura ta rufe kujerar shagon. Ya zargi farashi, ya zargi wurin, har ya fara zargin an yi masa asiri. Kullum matarsa ta kira sai ya ce saura kaɗan, alhali ya riga ya fara tunanin wanda zai sayar wa kyamarar. Tsoro ya kama shi ƙwarai, tsoron komawa gaban surukai hannu rabbana.

Ana nan sai ga wata tsohuwa, ta kwance bakin zane ta fito da hoton mahaifinta, baƙi da fari, shi kaɗai ya rage mata. Gara ta ci gefensa, ruwa ya taɓa shi, fuskar duk ta kakkarce. Ta ce so take a gyara mata shi, jikokinta su ga mutumin da suka fito daga tsatsonsa kafin ta rufe ido, don su ba a yi musu tsaga ba. Ya yi murna, ya zuba duk basirarsa, ya share kowane layi da ya gani, na gara da na aska, bai bar ko ɗaya ba. Da ta dawo ta kai hoton kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan kyakkyawan mutum ɗan gidan wa ne? Ni dai ban san shi ba. Ina ka kai mini uba?" Sai hawaye suka zubo mata, suka bi ta cikin tsagar kumatunta suna gangarowa. A nan ne ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, dubawa ta gaske, wadda bai taɓa yi wa kowa ba tun zuwansa garin. Layukan da ya kwashe daga fuskar uban, ga su nan zaune a fuskar 'yar.

Ya ce, "Inna, don Allah zauna nan." Ya zaunar da ita bakin taga inda haske ke shigowa ta gefe, ya ɗauke ta hoto. Daga fuskarta ya riƙa gane wane layi ne na wanzami, wane ne na gara, ya mayar wa mamacin abinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya wanke hoton ya jingine shi a ƙofar shago kafin a sa masa firam, sai wani dattijo mai wucewa ya ja birki ya sauka daga keke. Bai tambayi kowa ba, ya faɗi gidan da mutumin da ke cikin hoton ya fito, gidan masunta na bakin gulbi, ya faɗi sunan kakansa. Wani ya tsaya, wani ma ya tsaya, suna nuna layukan da yatsa suna lissafo dangi, wasu sun mutu tun kafin a haifi mai hoton. Shi kuwa yana tsaye yana sauraro. Allahu akbar! Ashe duk fuskar da ta zauna a kujerarsa tarihin gida guda ce, shi kuma yana ta sharewa yana jiran a gode masa.

Tsohuwa ta rungume hoton ta ce yau ubanta ya dawo gida. Dattawan da suka ƙaurace suka fara komowa, kowa da hoton nan sumul a aljihu, suna murmushi suna cewa a mayar musu da fuskarsu. Kafin ruwan damina ya sauka ya je ya kwaso iyalinsa. Ka ga mutumin da haske ne abincinsa, amma ya zauna cikin gari bai ga abin da ke gaban hancinsa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.