Ƙwaryar da ba a jiƙa ba

Tunda kin ce kin ɗaura ɗamarar gyara girkin gidanki, zauna ki ji abin da ya sami wata matar tela. Mijinta ya je asibiti aka ce masa yana da ciwon suga, ita kuwa wannan ciwo ba labari ta ji ba, da idonta ta ga yadda ya cinye mahaifinta, daga ɗan ƙurji a yatsa har aka yanke ƙafa. Tun ranar tsoro ya shige ta ya zauna. In mijin ya yi tuntuɓe sai gabanta ya faɗi, in ya kishingiɗa da rana sai ta tsaya tana kallon numfashinsa. Ta zubar da dunƙulen ɗanɗano ta koma daddawa, ta raba shi da farar shinkafa ta kama tuwon acca. Da ta ji mata suna cewa ɗaci shi ne maganin suga, shi ke nan, gida ya zama na shuwaka da garahuni, yau a miya, gobe a jiƙo. Bawan Allah tela yana ci yana yamutsa fuska, amma bai taɓa turo kwano ba, don shi ma tsoron ne ke cinsa.

Ana nan sai aka sake tsorata ta cewa abinci mai zafi a kwanon roba cuta ne. Akwai wani duma da ya fito da kansa ya haye dangar bayan gida, ya yi 'ya'ya ɓul-ɓul ba wanda ya kula su. Ta tsinko, ta yanka da zarto, ta kwashe cikin, ta ɗauraye sau ɗaya ta kife a rana. Ta ɗora wuƙa a garwashi ta zana wa bayan ƙwaryar ado, kuma gaskiya hannunta ya iya, wanda ya gani sai ya ce daga kasuwa ta sayo. Abin da ba ta sani ba, ita 'yar birni da ta tashi a cikin roba da silba, shi ne sabuwar ƙwarya ba a ci a cikinta haka nan. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana kankarewa ana sake wani, har ɗacin duma ya fita sarai, don wannan ɗacin ba irin na shuwaka ba ne, dafi ne. Ga tsohuwa nan katanga ɗaya da ita wadda ta tsufa da ƙwarya a hannu, amma ina, ba ta tambaya ba. Sauri take yi, kamar ciwon yana biye da ita a guje.

Da safe ta dama kunun tsamiya ba sukari, ta juye shi da zafinsa a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai ta bar shi ya huce. Da ta ɗanɗana, ɗaci ya kama mata harshe har maƙogwaro. A wani gidan da nan take an zubar. Amma a gidan da aka saba wa baki cewa ɗaci lafiya ne, wa zai yi zargi? Har daɗi ta ji a ranta. Mijin ya kurɓa ya ɗago kai ya ce, "Yau kuma me kika ƙara?" Ta ce, "Sha dai, maigida, lafiyarka ce." Ya runtse ido ya shanye tas ya fita shago.

Kafin azahar sai ga abokan aikinsa sun kawo shi ranga-ranga, amai da gudawa sun ƙi tsayawa, ido ya faɗa, jiki ya yi sanyi ƙalau. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, ita tana tsugune a bakin ƙofa. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ta dubi fuskarsa, tana jiran a ce mata ta yi haƙuri. Danginsa suka taru gefe guda suna ƙus-ƙus, ta ji yayarsa tana cewa, "A tambaye ta me ta ba shi." Nan tsoronta ya zama biyu: kada ya mutu, kuma kada ya mutu a ce ita ta kashe shi. Ga shi kuwa ita ce ta dama, ita ta miƙa, ita ta ce ya sha.

Allah ya sa da sauran kwana a gaba, ya tashi. Da aka gano ƙwaryar ce, bai zage ta ba, bai ko ɗaga mata murya ba. Sai dai cikinsa ya ƙi mantawa. In ta ajiye masa abinci sai ya ce ya ƙoshi, ya saɓa riga ya fita. A bakin titi yake cika cikinsa yanzu, da burodi da shayi mai zaƙi da soye-soye, duk abin da likita ya hana shi. Ita kuwa tana zaune gaban tuwon accan da ya huce ba a taɓa ba, tana kallon mijinta yana ramewa, ga magani a hannunta, ba mai karɓa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin gyaran gira akan rasa ido.